Jirgin Kittyhawk na hamadar Masar: hotunan da na ƙaryata kafin in bincika

A shekarar 2012 wani abokina da ya san na daɗe ina sana'ar ɗaukar hoto ya turo mini waɗansu hotuna, ya ce in duba masa in gaya masa gaskiyarsu. Hotunan na wani jirgin yaƙi ne mai inji ɗaya, ƙirar Amurka, wanda Turawan Ingila suke kira Kittyhawk, yana kwance a kan tsakuwa da rairayi a hamadar yammacin Masar, an ce wani ma'aikacin kamfanin neman man fetur ɗan ƙasar Poland ne ya ci karo da shi. Ban ɗauki minti biyar ina kallo ba na amsa masa cewa ƙarya ce, domin a ganina ɗan ƙaramin jirgin roba ne irin wanda masu sha'awar abin suke haɗawa da hannu, su yi masa fenti, su ɗora shi a kan faifan yashi, su matso da kyamara har ya zama kamar babba.

Hujjata guda ɗaya ce, wato kyawun jirgin ya yi yawa. An ce ya shekara 70 a wurin, amma ga fentinsa ana gani, ga fikafikansa a jikinsa, ga mazaunin matuƙi da yawancin agogunansa. Daga baya na ji cewa masana tsofaffin jirage da dama a Turai sun yi irin wannan zargi, sai dai hakan bai wanke ni ba, tunda na yanke hukunci ban gwada komai ba.

Abokin nawa ya ce in nuna masa alamar ƙaryar da yatsa, sai na zauna na yi aikin da ya kamata in fara da shi. Duk mai ɗaukar hoto ya san cewa idan ka matso kusa da ƙaramin abu, wuri kaɗan ne yake fita tangaran, gaba da baya kuwa sai su yi dishi-dishi. Na ɗauki motar wasa ta yara na ajiye a kan yashin tsakar gida, na ɗauke ta ta fuskoki da yawa, kuma duk dabarar da na yi, ƙwayoyin yashin sai su tona asiri, su fito manya-manya kamar duwatsu kusa da tayoyin. A hotunan jirgin kuwa tsakuwar da ke gaban kyamara da tsaunin da ke can nesa duk sun fita sarai, girman duwatsun kuma ya dace da girman ƙusoshin da ke jikin ƙarfen. Sannan na bi lanƙwasa da tsagewar jikin jirgin daga hoto zuwa hoto, na tarar kowace tana wurinta ko ta wace fuska aka ɗauka, kuma ƙarfen ya motse ne yadda goran ruwa na gaske yake motsewa, abin da roba ba ta yi.

Abin da ya ƙarasa rufe mini baki shi ne rubutattun bayanai. Haruffan HS da ke jikin jirgin alama ce ta runduna ta 260 ta sojojin saman Ingila, lambarsa kuma ET574. Ranar 28 ga Yuni 1942, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a daidai lokacin da dakarun Rommel, kwamandan sojojin Jamus, suke kora Ingilishi zuwa garin El Alamein da ke arewacin Masar, an ba wani matuƙi mai shekara 24, Dennis Copping, aikin kai wannan jirgi mai matsala wani sansani domin a gyara shi, sai ya ɓace hanya, ba a sake ganinsa ba. Da na koma kan hotunan da wannan sani, sai abubuwan da na ɗauka ado ne na mai haɗa jirgin wasa suka zama wani abu dabam. Rediyo da batir da ke ajiye a ƙasa kusa da jirgin, da ragowar laimar sauka, shaida ce ta mutumin da ya fito da rai, ya yi ƙoƙarin kiran 'yan uwansa, ya nemi inuwa a wurin da gari mafi kusa yake da nisan kimanin mil 200. Abin ya ƙara taɓa ni da na tuna cewa tun daga 1940 jiragen yaƙi masu yawa da aka haɗa a Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Khartum da Alƙahira.

Kuskurena shi ne na auna hamada da ma'aunin garinmu, inda damina kaɗan take isa ta sa kwanon rufi tsatsa. Da na san labarin jirgin Amurka mai suna Lady Be Good, wanda ya ɓace a Afrilun 1943 bayan an tura shi kai hari birnin Naples na Italiya, aka kuma gano shi a 1958 a hamadar Libiya da rediyonsa mai aiki, da ban ɗauki kyawun jirgi a matsayin alamar ƙarya ba. Tun daga lokacin, idan aka kawo mini irin wannan hoto, nakan fara da tambayar inda aka ɗauke shi da yanayin wurin, in nemi sauran hotunan da aka ɗauka tare da shi, in karanta lambar da ke jikin jirgin, kafin in ce uffan.

A ƙarshen 2017 aka ga jirgin a gidan tarihin yaƙi na El Alamein, an cike wuraren da suka karye, an shafe shi da sabon fenti, an zana masa baki mai haƙoran kifin shak, alamar da aka san runduna ta 112 da ita, ba rundunar Copping ba. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin yanzu hotunan nan na 2012 da na kira ƙarya su ne suka rage masu nuna yadda matuƙin ya bar jirginsa. Shi kuwa ba a san kabarinsa ba, sunansa kawai aka rubuta a bangon tunawa da ke maƙabartar sojoji ta El Alamein.