Yadda lambobin ruwan sama suka zama launi a taswirar Maraɗi

Na zana taswirar ruwan damina ta jihar Maraɗi da bayanan CHIRPS (ƙiyasin ruwan sama daga tauraron ɗan adam da ma'aunan ƙasa) a cikin Matplotlib, manhajar zane ta Python, sai hoton farko ya fito rawaya fau, ba a bambance Madarumfa ta kudu da Dakwaro ta arewa. Ga dalili: Matplotlib yana ɗaukar lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma, ya raba tsakaninsu gida 256, kowane gida da launinsa. Fayil ɗina ya haɗa da teku, inda CHIRPS ke sa -9999 a matsayin babu bayani. Daga -9999 zuwa milimita 600, kowane launi ya cinye milimita 41, duk ruwan jihar ya cunkushe cikin launi goma na can sama. Da na mayar da -9999 zuwa NaN, wato alamar "ba lamba ba" da ba a sa ta cikin lissafin, bambancin kudu da arewa ya bayyana.

Sai kuma taswirar ta fito a kife, Dakwaro a ƙasa. Shi imshow, umarnin da na yi zanen da shi, layin farko yake ɗorawa sama, alhali fayil ɗin daga kudu ya fara. Sa masa origin='lower' ya gyara.

Inda na fi daɗewa shi ne shading, wato yadda ake shafa launi a gidajen taswira, a pcolormesh, wani umarnin zanen. Da 'flat', kowane gida launi guda ne, amma yana son iyakokin gidaje, wato layi 101 ga gida 100. In tsakiyar gidaje kake da ita, sa 'nearest'. Shi 'gouraud' yana narkar da launi daga aya zuwa aya, hoton ya yi sumul. Na bar shi duk da kyansa. Gidan CHIRPS digiri 0.05 ne, kusan kilomita biyar da rabi, sumul ɗin kuwa yana sa mai kallo ya zaci an san ruwan kowace gona.

Jerin launukan Jet ma na ajiye shi. Yana zana iyaka mai kaifi wajen rawaya inda lambobi ke tafiya a hankali, in aka buga baƙi da fari kuma, bakinsa biyu duhu ne. Jerin Viridis, wanda ya zama na asali tun Matplotlib 2.0 a 2017, haskensa yana ƙaruwa tare da lamba. In kana nuna rara da giɓi, ɗauki RdBu, jerin ja zuwa shuɗi, sifili a tsakiya.

Shekara biyu gefe da gefe kuwa, ka kafa vmin da vmax, wato lambar ƙasa da ta sama ta launin, iri ɗaya da hannunka, in ba haka ba shekarar fari za ta fito da launin shekarar albarka.