Tafinta a ƙarar matar da mijinta ke duka, abin da na gani a Legas

Ni lauya ce a Legas, kuma da yake ni Bahaushiya ce duk ƙarar mace da ta taso daga Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba in dai matar ba ta jin Turanci to ni za a nemo. Matsalar kuwa a Legas duk wanda ya gangaro daga arewa Bahaushe ake ce masa, sai ka ga an rubuta Hausa a fayil amma da kun zauna ka gane matar Bazabarma ce daga Nijar, ko Babarbariya ce da rikicin Borno ya koro, ko Bafulatana. Tana jin Hausar cefane da gaisuwa, amma abin da ake yi mata a ɗaki in an kulle ƙofa ba za ta iya faɗarsa da Hausar nan ba, sai da harshen da aka raine ta da shi. Shi ya sa ni ma da nake jin Hausa dole na koma neman tafinta. Kuma ko da Bahaushiyar ce, a gaban alƙali ba ni zan fassara maganar wadda nake wa aiki ba, ba zai yiwu ina lauyarta kuma ina tafintarta ba, shari'ar da Turanci ake yinta da shi kuma ake rubutawa.

Wani abu da yake ci min rai, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma da laifi in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Haƙƙinsa ne, ba na ja. Amma sashen nan a kan mijin da ake tuhuma yake magana, ita da aka fasa wa baki bai ce komai a kanta ba. Dokar kariya kuwa akwai ta, Legas ta yi tata dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, ta tarayya mai hana cin zarafin mutane wato VAPP ta zo a 2015, duk biyun sun ba mace damar neman kotu ta ba da odar kariya a hana mijin kusantarta ko yi mata barazana. To amma da takardar rantsuwa ake neman odar nan, takardar kuma labarinta ne da Turanci, ka ga duk wanda ya tsaya tsakanin bakinta da biro shi ke riƙe da shari'ar tun ba a shiga kotu ba.

Akwai wata Bazabarma da ta zo hannuna bayan an riga an ɗauki bayaninta a caji ofis. Wanda ya yi tafinta a can wani dattijo ne ɗan unguwarsu da ya rako ta, kasuwa ɗaya suke da mijin. Bayanin 'yan layuka ne, wai saɓani suka samu da maigidanta ya mare ta. Da na samo mace mai jin Zabarmanci muka rufe ofis mu uku, wallahi abin da ya fito daban ne, yana shaƙe ta har ta suma, yana kulle ta ya fita da makulli, ya ƙwace wayarta da takardunta na Nijar ya ce in ta fita za a kama ta a raba ta da 'ya'yanta. Ban ɗauka dattijon mugunta ya yi niyya ba, shi a ganinsa rufin asiri yake yi, aure yake gyarawa, ita kuma ta ina za ta iya faɗar abin da ya shafi shimfiɗa a gaban sa'an babanta? Amma a kotu lauyan mijin takardar farkon nan ya ɗaga yana tambayarta me ya sa a can ta ce mari yau kuma ta ce shaƙa. Takardar asibiti ce ta taimake mu, da kuma hujjar cewa ba a taɓa karanta mata bayanin da harshenta ba kafin ta dangwala.

Yara kuma ba na yarda sam. Sau da yawa yaron gidan ne ya fi kowa jin Turanci da Yarbanci saboda makaranta, sai a ce ai ga ɗanta nan ya faɗa. Yaro ɗan firamare a sa shi ya maimaita yadda ubansa ya tattaka uwarsa, da yamma kuma ya koma gaban uban, haba.

Yanzu kafin a fara komai ina fara tambayar matar ita kaɗai ko ta san tafintar, ko danginsu sun san juna, don masu jin Zabarmanci ko Barbarci a unguwa ɗaya kusan kowa ya san kowa, magana ba ta kwana. In abin ya ƙi sai mu kira wata daga Kebbi ko Maiduguri ta waya a buɗe murya. Sannan ina zama da tafintar na gaya mata, 'yar'uwa duk abin da ta ce ki faɗa min yadda ta faɗe shi, in ta ce "ya dake ni" ke ma ki ce ya dake ni, kar ki taƙaita kar ki gyara, ko zagi ne ko maganar kunya ce. Abin da ya fi wuya shi ne hana su ba da haƙuri, sai ka ji matar ta yi magana doguwa tana kuka tafinta ta amsa mata da kanta, in na tambaya ta ce Barista cewa na yi ta yi haƙuri ta dubi yara. Da kyakkyawar niyya ne na sani, amma daga nan matar take janye jiki ta fara cewa a bar maganar.

Takardar rantsuwa kuma sai an karanta mata ita layi-layi da harshenta ta ce e haka ne kafin ta sa yatsa, dokar shaida ta 2011 ma ta nemi a rubuta a ƙasan takardar cewa an fassara wa wanda bai iya karatu ba. Ina sanar da rajistaran kotu harshen da muke buƙata tun da wuri don kar a zo ranar zama a ɗage, ɗage zama a irin ƙarar nan yana nufin ta ƙara sati-sati ba kariya. Ranar shari'a kuma ko kotu ta kawo nata tafintan ina zuwa da tawa ta zauna a bayana tana saurare, in an tsallake wani abu ta taɓa ni na miƙe na ce a sake.

Kuɗin tafintar galibi daga aljihuna yake fita, don matan ba su da shi. Su ma tafintocin abin yana taɓa su, wadda ta yi mana aikin Bazabarmar nan dangin mijin sai da suka nemo maigidanta suka ce matarsa na kashe wa mutane aure. Tun daga nan ba na ba kowa lambarta, ba ma fita daga kotu tare, amma sunanta dole ya fito a takardar rantsuwa kuma takardar dole a kai wa mijin kwafi, don haka ina gaya wa kowace tafinta wannan tun kafin ta amsa min za ta yi.