Abin da tsohuwar Land Cruiser ta koya mini

Lokacin da na fara aikin kai iri da taki ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, abin da na sani game da mota bai wuce murɗa makulli da taka totur ba. Motar da aka haɗa ni da ita farar Land Cruiser ce a-kori-kura, mai shan gas, wato dizal, fentinta ya koɗe, ƙofar direba sai an ɗaga ta kaɗan take rufuwa. Direbanta dattijo ne mutumin Tudun Wada, Baba muke ce masa. Ranar farko na matsu mu kama hanya, shi kuwa ya buɗe bonet yana ta dube-dube. Ya zaro sandar baƙin mai ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ya leƙa ruwan lagireto, ya danna fambel da babban yatsa, sannan ya durƙusa yana duban ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Da ya shiga ma bai tayar nan take ba, sai da ya jira wutar hita (abin da ke ɗumama injin gas kafin a tayar) ta mutu. Na ce, "Baba, rana fa tana yi." Ya ce, "Yaro, gara ta yi mana a nan da ta faɗi mana a daji."

Daminar farko na gane abin da yake nufi, amma ta wata hanya dabam. Ba shi da lafiya ranar, ni na ja motar zuwa wani ƙauye bayan Giwa. A bakin wata fadama ƙafafun baya suka nutse. Na ja ƙaramin sandan giya, wanda direbobi ke kira ogzilari, don in sa ta ƙafa huɗu, na taka wuta, taɓo na ta tashi sama, mota na ƙara zama. Samarin ƙauyen suka taru da fatanya da itace, muka yi kusan awa biyu. Can wani tsoho da ya taɓa yin yaron mota ya zagayo gaba, ya tsuguna, ya share taɓon da ke tsakiyar taya da hannunsa, ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai rubutu biyu, FREE da LOCK. Yana kan FREE. Wato duk hayaniyar da nake yi, ƙafafun gaba ba su san ana yi ba. Ya murɗa na dama, ya murɗa na hagu, ya ce, "Malam, gwada a hankali, kar ka ba ta wuta da yawa." Ta fito kamar ba ita ba. Da na ba Baba labari sai ya ƙara mini da ɗaya rabin karatun: da zarar an hau kwalta a cire ta daga ƙafa huɗu, domin irin wannan ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, in aka bar ta a haka sai ƙarafan su riƙa murɗe juna, taya ta cinye, giya ta ƙi fita.

Injin da ke cikinta shi ne 1HZ, wanda Toyota ta fito da shi a 1990: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, abin da ƙananan motocin yanzu ma suke da shi. A hanyar Kaduna kowa wuce mu yake yi. Sai dai wannan rashin gaggawar shi ne sirrin daɗewarsa, domin babban inji ne da ba a matsa masa ba. Famfon da ke harba mai na ƙarfe ne zalla, bakaniken Sabon Gari zai iya kwance shi ya gane ciwonsa ba tare da na'ura ba. Ina ganin nan ne mutane suke ruɗewa. Suna jin ana cewa motar ba ta mutuwa, sai su ɗauka ba ta bukatar kulawa.

Ni ma na faɗa wannan ramin. Da wurin aikinmu suka yi gwanjonta na tattara abin da nake da shi na saya, ina murna na samu dukiya. Sai ga ainihin lissafi ya fito. Juyen baƙin mai ɗaya yana cin kusan lita 10, kuma kowane kilomita 5,000 nake yi saboda ƙurar da muke shiga. Taya huɗu kuɗin wani babur ne. A hannuna tana shan lita 13 zuwa 14 a kilomita 100, in da kaya fiye da haka. Sannan 2022 ta zo, litar gas da muke saye wajen naira 300 ta haura 700 cikin 'yan watanni, kuma shi gas dama ba ya cikin tallafi, tun kafin a cire na fetur a watan Mayun 2023.

Tsadar nan ce ta kai ni wajen 'yan bumburutu. Jarka biyu na saya a bakin hanya, da ragin da ya faranta mini rai. Kwana uku bayan haka wutar filtar mai ta kama a gaban sitiyari. Na san ma'anarta sarai: ruwa ya taru a ƙasan filta. Abin da ake yi bai fi minti biyar ba, a sassauta ɗan murfin da ke ƙasa, a danna famfon hannu da ke sama har ruwan ya fita, mai tsantsa ya biyo. Ina da buhunan masara da zan kai, na ce sai na dawo. Kwana ya zama mako. Ta fara wuyar tashi da safe, ta fara farin hayaƙi, sannan wata rana a hanyar Soba ta riƙa shaƙewa har ta mutu. Mai gyaran famfo ya kwance shi a gabana a kan farar takarda, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba ya juya shi a hasken rana, tsatsa ta yi masa zane. Ya bayyana mini cewa shi man gas ɗin ne ke shafe cikin famfon, don haka ruwa ko kananzir da aka gauraya masa tamkar cire wa ƙarafan mai ne. Nozul shida duk sai da aka taɓa. Abin da na biya ya ninka ragin da na samu sau da yawa, ban da kwana goma da mota ta yi a gareji lokacin kaka. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin motar ta gaya mini, ni ne na toshe kunne.

Tun daga nan na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun mota. Kowane juye, kowace filta, da lambar kilomitar ranar. Bel ɗin taimin kuwa ba na wasa da shi. Akwai wutar da ke tunatarwa idan ya cika kilomita 100,000, amma na ga masu sayarwa suna kashe ta ba tare da sun canza komai ba, kuma in ya tsinke a kan tafiya fistin ne zai haɗu da bawul. Haka zafi. Idan allurar ta fara hawa a tudu na kan tsaya, don kan injin gas in ya tsage, kuɗinsa ba na wasa ba ne. Kayan gyara kuma na daina zaɓen mai araha. Filtar jabu da ta gaske kwali ɗaya suke, sai ka ɗauka a hannu ka ji nauyi.

Kwanan baya wani ƙanena ya zo da maganar wata tsohuwar Hilux mai gas da aka yi masa tayi a Kwangila. Na ce ya gaya wa mai ita kada ya tayar da ita kafin mu zo, muna son ta kwana a sanyi. Da asuba muka je. Na ɗora hannu a kan injin, da ɗumi. Na ce masa, "Mu tafi, gobe ma rana ce." Washegari muka riga mai motar fitowa, ta tashi da ƙyar bayan murɗi na huɗu, hayaƙi shuɗi ya cika layin. Da na buɗe murfin baƙin mai tana aiki, iska ta riƙa tunkuɗo shi daga hannuna, alamar injin ya gaji. Bai saya ba, har yanzu muna nema.