Sifilin da ba kai ka saka ba

Wani abu da aiki da yaren firogiramin na Java ya koya min, duk filin (wurin ajiye ƙima) da ka bayyana a cikin kilas (tsarin da ake ƙirƙirar objek da shi) ko ba ka ba shi komai ba yana tashi da abinsa. int (cikakkiyar lamba) 0 ne, double (lamba mai ɗigo) 0.0, boolean (gaskiya ko ƙarya) false, String (rubutu) kuwa da duk wani objek null, wato babu komai. Amma ka shiga cikin metod (guntun kod mai yin wani aiki) ka rubuta int x; kawai, ka ce za ka buga shi, kwamfaila (manhajar da ke fassara kod ɗinka) ce maka zai yi ba ka isa ba sai ka ba shi ƙima tukuna.

Inda ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne jerin yadda abin ke faruwa in ka kira new don ƙirƙirar sabon objek. Da farko Java za ta cika wurin da sifili da null, sai kwanstiraktan (kod ɗin da ke shirya sabon objek) kilas na uba, wato wanda kilas ɗinka na ɗa ya gada, ya yi aikinsa ya gama, sai a lokacin ne fa ake saka abin da ka rubuta da hannunka, sannan jikin kwanstiraktan ɗan. To ka ga in ka rubuta int adadi = 5; a kilas na ɗa, shi kuma uban ya kira wani metod da ɗan ya sake rubutawa don ya nuna adadi, 0 za ka gani a sikirin, ga 5 ɗinka kana kallonta ƙuru-ƙuru a kod amma ba a kai gare ta ba. Ni yanzu sam ba na kiran irin wannan metod daga kwanstirakta.

Kuma 0 ɗin nan yaudara gare shi, makin ɗalibi 0 ya ci ne ko ba a shigar ba? int ba zai gaya maka ba, sai ka koma Integer, shi objek ne, in ba a shigar ba null za ka gani.

C++, wani yaren firogiramin, ita babu ruwanta, int ɗin da ba ka ba shi ƙima ba, zai iya ɗaukar duk tarkacen da ya tarar a memori, yau ya yi daidai gobe ya watse. Sai a C++11 aka yarda ka rubuta int adadi = 0; a jikin kilas kai tsaye.

Python nata salon daban. Ka sa kaya = [] a jikin kilas, duk objek ɗin da ka ƙirƙira jerin nan guda ɗaya suke rabawa, wannan ya ƙara abu wancan ya gan shi. Shi ya sa dataclass, hanyar rubuta kilas a taƙaice da ta zo a Python 3.7, yake ƙin irin wannan jerin, kuskuren ValueError zai wurgo maka har sai ka sa field(default_factory=list) kowa ya samu nasa.