Abin da na koya a ɗakin awo

Ƙarshen watan nan zan bar ɗakin awo, an mayar da ni wani asibitin a nan cikin Gombe. Ba ni na nemi canjin ba, kuma abokan aikina sun san dalili.

Metron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, ta hana ni yi wa mata bayanin sankarar mama kafin a fara awo, wai ina tsorata masu ciki, ina tsayar da layi. A gaban mata ta ce, "Ke yarinya, kati aka ce ki karɓa, ba wa'azi ba." Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Mama." Amma da Oktoba ta kama, watan wayar da kai kan cutar, baƙi suka zo da kyamara, takardar da na rubuta ita ta karanta musu, ko sunana ba ta ambata ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Alhali masu cikin nan su suka fi cancanta su ji. A Najeriya babu sankarar da ta kai wannan kama mata, kuma yawanci sai ta ci jiki ake zuwa mana. Shayarwa kuwa tana rage haɗarin: wani babban bincike na 2002 ya nuna duk wata 12 da mace ta shayar, haɗarin na raguwa da kashi 4.3 cikin ɗari. Idan na ce musu shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata har uwar tana amfana, sai ka ga sun gyara zama.

Maganar ƙiba ce mai wuya, don a wurinmu alamar hutu ce. Amma bayan mace ta daina al'ada, kitse ne ke samar da sinadarin istirojin, wanda ke ciyar da yawancin irin wannan sankarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Daka, shara da tafiya da sauri duk suna ciki. Giya ma tana ƙara haɗarin.

Wadda za ta gaje ni, kada ki ce wa mace waɗannan sun kare ta gaba ɗaya, na ga wadda ta shayar da 'ya'ya da yawa ta kamu. Mai ƙullutu ki tura ta wurin likita kafin wanzami ya yi mata sakiya. Ki sa sunanki a kan duk abin da kika rubuta. Bayanin kuma ki riƙa yi wa mace ɗaya-ɗaya yayin da kike gwada mata hawan jini, nan babu mai hana ki.