Harafin "s" da ke cinye makin ɗalibai: yadda nake koyar da jituwar suna da aikatau a Turanci

Idan na zauna da jan biro ina duba insha'in 'yan ajin ƙarshe na sakandare, harafi ɗaya ne ke cinye mini tawada, wato "s". Wannan ya rubuta "my father go to farm", wancan ya rubuta "the boys plays ball". Wannan batu na jituwar suna da aikatau, malamai konkod muke ce masa, kuma yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. A insha'i kuwa, kowane ɗaya kuskure ne mai zaman kansa.

Da fari ƙa'idar nake rubutawa a allo in sa a haddace: suna tilo, aikatau da "s", suna jam'i, aikatau babu "s". Su rera ta kamar karatun allo, gobe su dawo da kuskuren jiya. Sai da na koma ta kan Hausa sannan na gano inda gizo ke saƙar. A Hausa aikatau ba ya motsi, ɗan wakilin sunan da ke gabansa ne ke ɗaukar nauyin: yaro ya tafi, yarinya ta tafi, yara sun tafi. "Tafi" na nan yadda yake. Ɗan Bahaushe ya saba neman alamar a gaban aikatau, Turanci kuma ya liƙa ta a wutsiya. Ga wani ruɗanin kuma, "s" a jikin suna jam'i take nunawa, a jikin aikatau kuma tilo. Har furuci ma na da hannu, domin harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a ƙarshen kalma. Wanda ya saba cewa "he ask" don gudun "asks", abin da bakinsa ya faɗa shi hannunsa zai rubuta.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan rubuta jimla goma a allo. A kowace, ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin aikatau, sannan ya tambayi kansa wa ke yin aikin. Duk abin da ya shiga tsakanin mai aikin da aikatau ya soke shi da fensir. Abin da ya rage sai ya gwada shi da Hausa: "ya" ko "ta" zai ɗauka, ko "sun"? In "ya" ko "ta" ne, sai "is", "has", "was" ko aikatau mai "s". In "sun" ne, sai "are", "have", "were". Ban da "I" da "you", waɗanda nake ware musu layinsu daban.

Sokewar nan ita ce rabin aikin. Ɗauki "The box of matches is on the table". Kunne na jin "matches" dab da aikatau sai ya ja hannu zuwa "are". Soke "of matches", sai "the box is" ya fito fili. Haka "One of my brothers lives in Kano": ɗaya ne ke zaune a Kano, sauran suna inda suke. Haka ma "as well as", "together with" da "along with". Mu a Hausa cewa muke "shugaban makaranta tare da malamai sun iso", amma a Turanci "The principal, together with the teachers, has arrived". Mahaɗin "and" ne ke tara biyu su zama jam'i, shi ma in abubuwan biyu sun zama abu guda, kamar "bread and butter", sai "is".

Gwajin "ya ko sun" yana aiki sosai a wasu wuraren. "Kowa ya zo" muke cewa, saboda haka "everyone has come" bai kamata ya ba Bahaushe wuya ba, da "each", da "nobody". 'Yan sanda sun zo, "the police have come". Shanu sun sha ruwa, "the cattle have". A nan Hausa da Turanci bakinsu ɗaya.

Inda gwajin ke yi mana ƙafar ungulu nakan ba shi darasi guda cur, minti 40, domin nan ne masu ƙoƙari ma ke zamewa. Muna cewa "kuɗin sun ƙare", "kayan sun iso", amma "money", "luggage", "furniture", "equipment", "information" da "advice" duk tilo ne a Turanci, kuma ba a ƙara musu "s". "The money is finished". "News" da "mathematics" da "physics" suna da "s" a wutsiya amma "is" suke ɗauka. Wando kuwa, da mu ke cewa "ya yage", a wurinsu "the trousers are torn", haka almakashi, sai dai in an ce "a pair of", sannan a koma "is". Sai "akwai", wadda ba ruwanta da tilo ko jam'i: akwai mutum, akwai mutane. Shi ya sa "there is many people" ya cika takardu. A nan sunan da ke biye ne ke yanke hukunci, "there are many people". Akwai kuma jam'in girmamawa. Yaro mai tarbiyya zai ce "Malam sun fita", ya ɗauko ladabin nan ya kai Turanci ya rubuta "Malam have gone out". Nakan yaba masa tarbiyyar, in kuma soke "have" ɗin. Kalmomi irin su "money" da "news" da "trousers" ba dabara a cikinsu, nakan sa a buɗe musu shafi a bayan littafi a riƙa ƙarawa.

Kuɗi da lokaci da nisa, in dunƙule aka ɗauke su, tilo ne: "Ten thousand naira is not enough", "five years is a long time". "A number of students are absent", amma "the number of students is small". A "either … or" da "neither … nor", sunan da ya fi kusa da aikatau shi ake bi: "Neither the teacher nor the students were there".

Masu kallon ƙwallo sukan ƙure ni da tambaya ɗaya: Malam, ai mai sharhi cewa yake "Arsenal are winning". Gaskiyarsu. Turancin Ingila ya yarda a ɗauki "team", "committee", "family" ko "government" a matsayin jam'i idan mutanen ciki ake nufi, na Amurka kuma ya fi karkata ga tilo. Mu ma muna da irinta, "jama'a ta taru" da "jama'a sun taru" duk Hausa ce. Shawarar da nake ba mai rubuta jarrabawa ita ce ya ɗauki tilo idan ƙungiyar na aiki da murya ɗaya, "the committee has decided", jam'i kuma idan kawunansu sun rabu, "the committee are divided". Kada dai ya fara da "has" ya ƙare da "their" a jimla ɗaya.

Wani abu da ban yi tsammani ba shi ne, bayan mako biyu ana wannan atisaye sai "s" ta yi ambaliya. Sai ka ga "does he goes", "she can sings", "he did not came". Wannan alama ce darasin ya shiga, ya dai wuce gona da iri. Maganinsa jimla ɗaya: alamar sau ɗaya ake sa ta. In "does" ta ɗauka, aikatau ya zauna tsirara, haka bayan "did", "can", "will", "must" da "should". Nakan sa su tashi biyu-biyu, ɗaya ya ce "she cooks", ɗayan ya mayar da ita tambaya, "does she cook?", da ƙarfi yadda na bayan aji zai ji "s" ɗin ta tashi daga wuri ɗaya ta koma wani. Jimla ashirin a minti biyar ɗin farkon kowane darasi, kafin a buɗe littafi.