Abin da na'urori masu bawul suka koya mini a Nima

Shekara uku na yi ina koyon aiki a wani ƙaramin situdiyo a unguwar Nima da ke Accra, inda muke ɗaukar muryoyin masu wa'azi da mawaƙan biki da masu yabon Annabi. Yawancin aikin da kwamfuta ake yin sa, amma maigidana yana da wasu tsofaffin na'urori masu bawul, wato ƙwayayen gilashin nan da cikinsu ke yin ja idan sun ɗauki zafi, kuma yana ji da su saboda yadda suke tausasa murya.

Abu na farko da ya nuna mini shi ne bambancin wuta. Wutar Ghana bolt 230 ce, amfilifayarsa kuwa, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, daga Amurka aka kawo ta, inda ake amfani da bolt 120, don haka ba a jona ta sai ta bayan taransifoma mai rage ƙarfi. Wannan na riƙe shi tun ranar farko.

Wanda ban riƙe ba sai da jikina ya gaya mini. A shekarar 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki a Ghana, ya yi tsanani, wuta ta ɗauke wata rana da hantsi, sai na ga dama ta samu ta share ƙurar hunturu da ta taru a cikin amfilifayar. Na zare filogi, na kwance murfin, na sa hannu, sai na ji wani fizga tun daga yatsa har kafaɗa. Maigida bai yi mini faɗa ba, ya dai zaunar da ni ya ce, "Ɗana, zare filogi ba ya kwashe wutar da ta riga ta kwanta a ciki." Daga nan ya bayyana mini cewa zaren da ke ɗumama bawul bolt 6.3 kacal yake ci, amma bawul ɗin kansa yana aiki da bolt ɗari uku zuwa ɗari huɗu ko fiye, kuma kafasito, wato ɗan kayan da ke tara wuta a cikin na'ura, na iya riƙe wannan wuta bayan an kashe na'ura. Tun daga ranar ba na taɓa komai a ciki sai na sauke wutar ta hanyar resisto, wato ɗan kayan da ke rage gudun wuta, na auna da mita na ga ta sauka, na cire zobe da agogo, sannan na yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana bayana, don kada wuta ta samu hanyar ratsa ƙirji.

Kunnawa ma tana da jerinta. Makirufo mai bawul yana da akwatin wutarsa, kuma ana haɗa wayarsa kafin a kunna akwatin, sannan a ba shi kamar minti ashirin ya ɗumama, ko da mawaƙi na tsaye yana ƙorafi. Amfilifaya kuwa ba a kunna ta babu lasifika a jone, domin taransifomar fitar sauti na iya ƙonewa.

Akwai masu cire wayar ƙasa, wato wadda ke kare mutum daga jan wuta, daga filogi idan sun ji gunji a lasifika, kuma gunjin kan ɓace, amma ni a ganina ganganci ne, tunda ƙarfen makirufo yana kusa da leɓen mutum. Mu mukan jona dukan na'urorin a soket guda, gunjin ya ragu. Idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka, kafin na nemi tocila nakan laluba na kashe makunnai duka, saboda ƙarfin da takan dawo da shi.